Tsadar Zama a Birnin Kebbi da Argungu

Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu tafiyar kamar mil talatin ce. Gulbi ɗaya su ke sha, fadama ɗaya su ke noma, gero da shinkafa da kifi su ne cimarsu duka biyu. Duk da haka, ma'aikacin da aka ɗauke daga Argungu aka kai Birnin Kebbi, tun wata bai yi nisa ba sai ka ji yana kukan albashi ya ƙare. Wanda ya ke so ya san dalilin wannan, sai ya waiwayi tarihi.

Birnin Kebbi ne ya zama gidan sarautar Kabi bayan an tashi daga Surame, birnin Kanta. Cikin shekarar 1805 Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci garin, Sarkin Kabi Muhammadu Fodi ya fita. Daga baya Kabawa suka kafa sarautarsu a Argungu, Birnin Kebbi kuwa ya koma ƙarƙashin Gwandu. Garin ya ragu ƙwarai, har Baturen nan Barth, da ya bi ta nan cikin 1853, ya iske yawancin tsohon birnin ya zama kufai.

A wancan zamani yaƙi ne ke kawo tsada. Tun da Yakubu Nabame ya ɗaga takobi cikin 1849, aka yi ta kai wa juna hari, in ban da 'yan shekarun sulhun da a ke kira Lafiyar Toga. Manomi ba ya iya zuwa gona mai nisa, fatake masu ɗauko gishirin Fogha ba su tafiya sai da tsoro. Wahalar nan ta shafi garuruwan biyu daidai, babu wanda zai yi wa wani dariya.

Da Turawa suka zo, sai al'amari ya sake. Cikin 1906, bayan yaƙin Satiru, aka naɗa Haliru Abdu Sarkin Gwandu, aka mai da mazaunin sarautar Birnin Kebbi. Ga baitulmali, ga alkali, ga dogarai da malaman ofis. Argungu ma tana da tata En'e, amma ƙasarta ba ta kai ta Gwandu girma ba. Aka bar wuri, aka koma ga anini da kwabo da sule, haraji kuma sai da su a ke biya. Daga nan ne aka fara samun mutanen da ba su da rumbu, watau masu albashi, waɗanda kome nasu sai sun auna a kasuwa. Inda irin waɗannan suka yi yawa, nan tsada ta ke sauka.

Argungu kuwa ruwa ya riƙe ta. Cikin 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, aka yi masa su don girmamawa, tsohuwar gaba ta kwanta. Wannan shi ne asalin bikin kamun kifi na Matan Fada. Lokacin bikin masauki da abinci su kan yi tsada, amma da baƙi sun watse sai kasuwa ta koma yadda ta ke.

Babban canji ya zo ran 27 ga Agusta 1991, sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, aka sa hedkwatarta a Birnin Kebbi. Ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato da iyalinsu gaba ɗaya, gidaje suka kasa, kuɗin haya da na fili suka hau. Cikin 2013 aka ƙara da Jami'ar Tarayya, malamai da ɗalibai suka shiga neman ɗaki su ma.

To, in mun dubi mudun shinkafa, bambancin ba shi da yawa, gama abin da ya sami fadama ya sami kowa. Ambaliyar 2020 ba ta zaɓi gari ba. Haka kuma da aka janye tallafin man fetur cikin 2023, injin ban ruwa na noman rani ya yi wuyar ciyarwa, hatsi ya tashi ko'ina. Inda Birnin Kebbi ta fi tsada shi ne haya, da kuɗin abin hawa zuwa ofis, da kuɗin makarantar yara, da hidimar dangi masu zuwa bin takarda ko jinya, su sauka gidanka. Mutumin Argungu sau da yawa a gidan gado ya ke zaune, gonarsa na kusa, kifi kuma bai yi tafiya ba kafin ya shiga tukunya.

Saboda haka, ɗan'uwa, in aiki ya kai ka birni, kada ka sayar da gonar ubanka don ka biya haya. Albashi ya kan ƙare kafin wata ya mutu, rumbu kuwa ya kan kai mutum kaka. Allah Ya ba mu wadata da zaman lafiya, amin.