Yaƙin Talakawa a Ƙasar Katsina

Kadan ana ba da labarin yaƙe-yaƙen da, sunayen sarakuna da na barade ne kan fito, watau masu lifidi da sulke da makaɗa. Amma yaƙi biyu da suka juya ƙasar Katsina, tsakaninsu bai cika shekara 15 ba, da aka fara su mafi yawan mayaƙan talakawa ne. Manoma ne da makiyaya da mahalba da almajirai, waɗanda ba su cin albashin kowa, kowa ya rataya kwarinsa ya ɗauki guzurinsa ya fita. Labarinsu nake so in ɗan gutsura wa 'yan'uwa ma'aikata, domin a ƙasar da muke aiki abin ya faru.

Na fari shi ne Jihadi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ji ƙansa, ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu cikin watan Fabrairu 1804. Cikin watan Yuni Sarkin Gobir Yunfa ya taso musu da 'yan lifida da Azbinawa, aka gamu a Tabkin Kwatto. Jama'ar Shehu dawakinsu kaɗan ne, abin dogaronsu baka da kibiya. Doki kuwa, kome nauyin lifidinsa, in ya shiga inda 'yan baka suka tsaya suka ƙi gudu, ya shiga uku. Ran nan aka kori Gobirawa.

A nan Katsina malamai uku ne suka ja gaba: Malam Umarun Dallaji, da Malam Muhammadu Na Alhaji, da Malam Umarun Dumyawa. 'Yantumaki da Runka, waɗanda duk mutumin Dutsin-Ma ya sani, suna cikin wuraren da jama'arsu suka yi ƙarfi. Daga ƙauyuka abin ya taso, sa'an nan ya kewaye birni, aka tsare hanyar hatsi, yunwa ta kai har ana cinikin ƙadangare da ungulu a kasuwa. Sarkin Katsina Magajin Halidu ya fita ya nufi Ɗankama, can ya ƙare cikin 1807. Zuriyar Na Alhaji su ne suka riƙe sarautar 'Yandaka, wadda mazauninta ya komo Dutsin-Ma daga baya.

To, amma rundunar sa-kai tana da ciwonta. Mutumin da ya fito don kansa yana iya komawa don kansa, balle in girgije ya haɗu gonarsa ba shuka. Ga shi kuma ba rumbun da ake ciyar da shi, sai abin da hannunsa ya kai. Cikin 1805, gabanin yaƙin Alwasa, yunwa da kwaɗayin ganima suka sa waɗansu mayaƙa suka faɗa wa garin da ke da amana, Malam Abdullahi da Muhammadu Bello suka yi ta hani, ba a ji ba. Irin wannan ne ya ɓata wa Malam Abdullahi rai har ya bar rundunar cikin 1807 ya nufi gabas, sai mutanen Kano suka tsai da shi. Haka aka gani a Amurka. Manoma ne suka fara harbin sojan Ingila ran 19 ga Afrilu 1775, amma shugabansu Washington ya yi ta kuka da su, don wa'adinsu na cika sai su kama hanyar gida, tilas ya dogara ga soja masu albashi kafin a gama yaƙin cikin 1783.

Yaƙi na biyu shi ne wanda ba a cika faɗinsa a wajenmu ba, ko da yake na fi ganin hannun talaka a cikinsa. Bayan Ɗankama, sauran Haɓe suka naɗa Ɗankasawa, ya tafi Damagaram ya yi shekaru yana zaman baƙunci, ba ƙasa ba runduna. Ƙasar Maraɗi kuwa tana hannun wani wakilin Filani, ana ce da shi Mani. Mutanen wurin yawancinsu Azna ne, manoma da mahalba, ga kurmi a bakin gulbi wanda doki ba ya iya ratsawa. Da mulkin ya yi musu nauyi, wajen 1819, suka tashi suka kashe Mani, kāna Ɗankasawa ya zo ya zauna bisansu. A duba fa, sarki bai ci ƙasar ba. Talakawa suka ci suka miƙa masa. Har wa yau Sarkin Katsina ake ce da mai sarautar Maraɗi, kuma akwai Ƙaura da Galadima da 'Yandaka da Durɓi a can tamkar yadda suke a nan. Ga kuma Hakimin Kurfi, sarautarsa Maraɗi ce. Gida ɗaya ne ya rabu biyu.

Abin da ya biyo baya bai yi wa talaka daɗi ba, kowane gefe yake. Da sarakuna suka kahu sai yaƙi ya koma sana'ar barade da bayin sarki, hari ya zama abin kowace rani. Sarkin Musulmi Bello ya karya Gobirawa da Maraɗawa a Gawakuke cikin 1836, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi, Rauda. Wajen 1843 mutanen ƙasar Ruma suka gwada abin da mutanen Maraɗi suka yi, suka yi tawaye suka bi Ɗan Mari. Su ba su dace ba. Sarkin Katsina Sadiku ya murƙushe su da tsanani, garuruwa suka watse, gonaki suka koma daji. Shi kansa Sadiku an tuɓe shi cikin 1844. A ganina jaruntakar mutanen Ruma ba ta gaza ta mutanen Maraɗi ba. Abin da ya bambanta su, Maraɗi tana can gefe da kurminta, Ruma kuwa tana tsakanin Katsina da Zamfara, a kan hanyar Sakkwato, inda ba mai mulkin da zai yarda a datse masa.

Daga nan aikin talaka ya koma tsaron garinsa. Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bi ta Kurfi cikin watan Maris 1853 za shi Sakkwato. Ya ƙiyasta mutanen garin 8,000 zuwa 9,000, kuma tsaron wurin ya ba shi sha'awa har ya zana shi cikin littafinsa, ganuwa da gwalalo a jere tsakanin duwatsu. Irin wannan aiki da gayya akan yi shi, kowace unguwa da rabonta, ana gyara bayan kaka. In an ji kuge ko an hangi ƙura, a shigo da dabbobi a rufe ƙofa, 'yan baka su hau. Haka mutanen wannan yanki suka zauna zamanin Ɗan Baskore da na Ƙaura Hasau, har Turawa suka iso Katsina cikin 1903, aka ja iyaka, Maraɗi ta faɗa rabon Faransa.

Dajin nan da ya tsiro bisa kufan garuruwan Ruma, shi ne wanda ya haɗe da dajin Rugu, inda 'yan bindiga suka sami mafaka a zamaninmu. Ƙauyukan Safana da Batsari da Kurfi da Dutsin-Ma suka sake fid da 'yan sa-kai, aka sake jin yabon jaruntakarsu, aka kuma sake jin ƙarar cewa waɗansu sun taɓa wanda bai ji ba bai gani ba. Cikin watan Oktoba 2023 Gwamnatin Jihar Katsina ta ɗebi samari daga garuruwansu ta hore su, ta sa musu albashi da shugabanni, ta mai da kowa ya tsare ƙasar da aka haife shi.

Haza wasalam.