Shahadar Perpetua da Felisita a Kartaj

A shekara ta 203, zamanin Sarkin Rum Septimus Seberus, hukumar birnin Kartaj, wanda kufansa ke gefen Tunis ta yau, ta kama wasu 'yan ajin baftisma. Cikinsu akwai Perpetua, 'yar manyan gida mai kimanin shekara 22 da goyon ɗa namiji, da Felisita, baiwa mai tsohon ciki, da Rebokatus da Saturninus da Sekundulus. Malaminsu Saturus ba ya nan ranar kamen, daga baya ya kai kansa. Suna tsare aka yi musu baftisma.

Abin da ya sa labarin nan ya fita daban shi ne Perpetua da kanta ta rubuta kashi mai yawa a kurkuku, kuma rubutunta na cikin mafi daɗewa da mace Kirista ta bari. Ba ta ɓoye tsoronta ba. Ta faɗi duhun ɗakin da zafin cunkoso da cin zalin sojoji, amma abin da ya fi ci mata rai jaririnta ne. Dikinoni biyu, Tertiyus da Pomponiyus, suka ba masu gadi kuɗi aka fito da su wuri mai iska na 'yan sa'o'i, ta shayar da yaron da yunwa ta galabaitar. Da aka yarda ya zauna wurinta, hankalinta ya kwanta.

Mahaifinta ne jarrabawa mafi zafi. Dattijon ba Kirista ba ne, kuma yana son 'yarsa ƙwarai. Ya zo da faɗa, ya dawo da lallashi, ya sumbaci hannunta yana kuka, ranar shari'a kuma ya taho ɗauke da jikansa. Mai mulki Hilariyanus ya nemi ta miƙa hadaya domin lafiyar sarki, ta ƙi. Da tsohon ya matsa, aka doke shi da sanda a gabanta, ta ji dukan har cikin ranta. Duk mai karanta wurin nan da zuciya ɗaya sai ya tausaya wa uban, ita ma ba ta daina tausayinsa ba.

Damuwar Felisita wata ce dabam. An yanke musu hukuncin kisa, amma dokar Rum ta hana kashe mai ciki, don haka tana fargabar a bar ta a baya, daga bisani a kashe ta cikin masu laifi. Abokanta suka yi addu'a, naƙuda ta zo a wata na takwas, ta haifi 'ya mace, wata Kirista ta karɓa ta rena.

An fito da su filin wasa a bikin ranar haihuwar Geta, ɗan sarki. Sekundulus ya riga ya rasu a kurkuku. Aka so a sa musu tufafin bautar gumaka, Perpetua ta ƙi, aka ƙyale su. Aka sakar wa mazan namun daji, matan kuma wata mahaukaciyar saniya. Da ta watsar da Perpetua, sai ta gyara rigarta, ta ɗaure gashinta don kada a ɗauka makoki take yi, ta je ta ɗaga Felisita. Suka yi wa juna sumbar salama, aka ƙarasa su da takobi.

Ikilisiya ta riƙe su tun da wuri. Kalandar Rum ta shekarar 354 ta sa tunawa da su ranar 7 ga Maris, ranar da Katolika ke kiyayewa har yau. Agustin, bishop na Hippo, ya yi wa'azi a idinsu, ana karanta labarin a coci-cocin Afirka ta Arewa har sai da ya tunatar cewa ba Nassi ba ne. A addu'ar godiya ta farko ta Mas, tsohuwar addu'ar Rum, an ambaci Felisita da Perpetua a jere, baiwar ce ma a gaba. Mai yi wa mamatansa addu'a kuma yana da magabaciya a Perpetua, wadda ta yi ta roƙo dare da rana a kurkuku domin ƙanenta Dinokrates, da ciwon fuska ya kashe yana ɗan shekara 7. A 1907 Fada Delattre ya tono a Kartaj gutsattsarin wani allon dutse mai ɗauke da sunayensu da na abokan shahadarsu.