Yadda Ake Zaɓen Lasifikar Gida da Kiɗan Fiyano

Cikakken fiyano yana da maɓallai 88, kuma sautinsa ya kama daga mai kauri, mai girgiza kusan sau 27 a daƙiƙa, zuwa siriri mai girgiza fiye da sau 4,000. Saboda wannan faɗi ne masana sauti kan gwada lasifika da shi, domin wadda ta fitar da fiyano tsaf ba za ta gaza ga muryar mawaƙi ba.

Mai saye daga Kirikasamma da ya shiga kasuwar Haɗeja ko ta Kano yakan ruɗu da yawan ƙara. Lambar PMPO da ake bugawa a kwali ado ne kawai. Lambar RMS ce ke nuna ainihin ƙarfi. Ya kyautu ya tafi da waƙar da kunnensa ya saba da ita, ya saurare ta a matsakaicin sauti. In kaurin ya dunƙule, ko siririn ya yi ƙarar gwangwani, ya haƙura.

A gida kuwa, a nisanta lasifikar da kusurwar ɗaki, wadda ke kumbura kaurin sauti, a kuma ɗaga ta daga ƙasa, domin laimar damina a yankin fadama tana ɓata akwatin katako.