Daga Ƙurar Auduga zuwa Hayaƙin Acaɓa

Jirgin ƙasa ne ya haifi Sabon Garin Zariya. Da layin dogo ya iso wajajen 1911, Turawa suka keɓe wa baƙin ma'aikata da 'yan kasuwa unguwa kusa da tasha, kamfanin auduga na BCGA kuma ya kafa injin gurza. A Samaru, inda aka buɗe tashar binciken aikin gona a 1922, aka duƙufa wajen inganta irin audugar da masaƙun Ingila ke buƙata.

Audugar ɗaya ce, ƙurarta ma ɗaya. A Ingila an daɗe da sanin ciwon ƙirjin da take jawowa: numfashi ya toshe ranar Litinin bayan hutu, ya saki a hankali, har shekaru su mai da shi na dindindin. Can ƙungiyoyin ƙwadago suka matsa har aka fara biyan diyya a farkon shekarun 1940. Leburan gurza a Zariya kuwa na kaka ne, a ɗauke shi bayan girbi, a sallame shi kafin damina. Tarinsa ƙauye yake bin sa, inda ba mai rubutawa.

Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, aikin albashi ya yi wuya, matasa da magidanta suka koma acaɓa, faci da kanikanci. Fetur na lokacin akwai dalma a cikinsa, gubar da ke tayar da hawan jini, ta taɓa ƙoda, ta raunana haihuwar namiji. Amurka ta hana shi a motoci a 1996. Afirka kudu da Sahara sai da ta ƙara shekara goma.

Ba iri ɗaya ake shaƙa ba. Malamin jami'a da ya taso daga Samaru zai ratsa Kwangila da PZ cikin 'yan mintoci, gilashi a rufe. Ɗan acaɓa a nan yake wuni. Mata ma suna da nasu hayaƙin, na murhu, wannan wani babi ne. Mai cin abincinsa da aikin yini ba ya iya ajiye babur don bin layin asibiti. Sai ya tsaya kemis ya sayi maganin tari, ya ci gaba, sau da yawa ba ya ganin Shika sai an kai shi ranga-ranga.