Littattafan da Aka Rubuta Don 'Yan Midil

A shekarar 1933 wani Bature jami'in ilmi, Rupert East, ya yi ta zaga manyan garuruwan Arewa yana tara masu ilmin boko, yana roƙonsu abin da ba a saba roƙon malami ba: kowa ya zauna ya ƙago labari daga kansa, ya rubuta da Hausa, ya aiko Zariya. An sa gasa, an yi alkawarin kyauta, wanda labarinsa ya yi kyau kuma za a buga shi littafi.

Dalilin wannan yawo a fili yake. Tun 1909 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina don horar da malamai, sannan wajen 1930 aka tsara makarantun Midil a hedikwatocin larduna, waɗanda su ne kakannin sakandaren yau. Yara sun iya haɗa baƙi da wasali na boko, amma in an tashi daga aji babu abin da za su ɗauka su karanta don jin daɗi. Hukumar Fassara, wadda aka fara a Kano aka maido ta Zariya a 1931, ta yi iya ƙoƙarinta. Ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu daga rubuce-rubucen Larabci, ga kuma littattafan kiwon lafiya da na noma. Duk masu amfani ne. Sai dai yaro ɗan shekara goma sha huɗu ba ya hana idonsa barci saboda bayanin yadda ake haƙa masai.

East ya sha wuya kafin a fahimce shi, shi da kansa ya rubuta haka daga baya. A wurin malaman lokacin, alƙalami na fiƙihu ne da wa'azi da tarihin magabata. Tatsuniya kuwa ta tsofaffin mata ce da yara, da dare ake yinta, a rufe da "ƙurunƙus". Dattijo ya zauna da rana tsaka ya rubuta abin da ya san bai faru ba, wannan kusan zubar da girma ne. Shi ya sa galibin waɗanda suka amsa kiran ba malaman zaure ba ne, malaman aji ne da suka ratsa ta Kwalejin Katsina. Abubakar Imam, yana da shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya aiko da Ruwan Bagaja. Wansa Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki. Abubakar Tafawa Ɓalewa, malami a Midil ta Bauci, ya rubuta Shaihu Umar. Muhammadu Gwarzo ya kawo Idon Matambayi, John Tafida kuma suka haɗa hannu da East suka yi Jiki Magayi. A wannan tsakanin ne hukumar ta koma Hukumar Talifi, kuma daga 1934 littattafan suka fara isa makarantu.

Wannan asali yana da muhimmanci ga duk wanda ke son ya gane adabin Hausa na boko. Galibi malaman makaranta ne suka rubuta shi, 'yan makaranta aka nufa da shi, hukumar makaranta ce ta biya kuɗin bugu, ita ce kuma ta saya. Ba a haife shi a kasuwa ba. Marubutan sun san masu karatunsu ido da ido, don kullum suna tsaye a gabansu da alli a hannu. Duba Ruwan Bagaja: jarumin labarin, Alhaji Imam, ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, amma abin da yara suka riƙe shi ne cin mutuncin da suke yi wa juna shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman daga gari zuwa gari, yau wannan ya kai wancan ƙasa, gobe wancan ya rama. Wanda ya tsara haka ya san lokacin da aji ke fara hamma, ya kuma san abin da ke tashe shi. Shaihu Umar bai da wannan barkwanci. Labari ne mai sanyi na yaron da aka sace, aka ratsa Sahara da shi, uwarsa na biye tana nema. Amma shi ma an zuba shi ne a bakin malami yana ba almajiransa tarihinsa, wato dai aji ne aka sake ginawa a cikin littafi.

East ya ga abin da ke hannun Imam, sai ya nemi a ba shi aronsa. A 1936 Imam ya zo Zariya, aka tara masa littattafan ƙasashe: Alfu Laila, Kalila wa Dimna, tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Grimm na Jamus, da wasu na Gabas da na Turai. Daga nan Magana Jari Ce ya fito, littafi uku, tsakanin 1937 da 1939. An sha yin gardama a jami'o'i kan ko Imam mai ƙirƙira ne ko mai aro. A ganina gardamar ba ta da nisa. Ɗauki labarin Kalala da Kalalatu. Ƙashin bayansa na Grimm ne, labarin kuku mai kwaɗayi da ta cinye kajin baƙo ta haɗa shi da maigida. Amma babu ɗalibin da ya taɓa karanta shi a Daura ko Azare ya ji ƙanshin Jamus, domin halin Kalala da makircin matarsa da yadda baƙo ya ranta a na kare duk na unguwarmu ne. Haka labarin Sarkin Busa. Ga kuma dabarar da ta ɗaure littafin farko gaba ɗaya: Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri na ƙulla yadda zai fitar da ɗan sarki Musa daga fada, aku kuma na tsare shi da labari dare bayan dare har gari ya waye. Kowane labari tsawonsa daidai da darasi guda, kowane kuma yana barin yaro da son jin na gobe.

Wanda ya yi makaranta a Arewa kafin littafi ya wadata ya san yadda ake wannan darasi. Littafi ɗaya, kai uku a kansa. An yi masa riga da takardar buhun siminti, hatimin makaranta a shafin farko, gefen shafuka ya yi baƙi don yawan yatsu. Malam ya ce, "Kai na bayan taga, ɗauka daga inda ya tsaya." Yaro ya miƙe yana bin layi da ɗan yatsa, in ya yi tuntuɓe a kan ƙ ko ɗ aji ya gyara masa baki ɗaya. Akwai kuma wanda tuni ya wuce shafi biyar a ɓoye, shi ne in an kira shi ba ya sanin inda ake, ya sha rankwashi. Ta wannan hanya Hausar Imam ta zama ma'auni. Basakkwace da Bahaɗeje da ɗan Adamawa da Hausa ba harshen gidansu ba ce, duk a nan suka koyi yadda ake rubuta jimla.

Sai dai kada a ɗauka Hausa ce sarauniya a manyan makarantu. A Kwalejin Katsina Turanci ake koyarwa da shi, an kuma matsa ƙwarai a kan lafazi, abin da ya sa ɗalibanta irin su Ɓalewa suka yi suna wajen iya magana. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau, kuma ko'ina ta je hanyar samun babban aiki ta Turanci ce. Littafin Hausa na ƙananan azuzuwa ne da na lokacin hutu. Wannan bai rage shi da kome ba, ƙila ma ya taimake shi, tunda ba a karanta shi don tsoron jarrabawa.

Shekarun da suka biyo baya na gina hukumomi ne. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939 da Imam a matsayin edita. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya. Hukumar adabi ta NORLA ta zo a shekarun 1950 tare da Yaƙi da Jahilci, ta buga ɗimbin ƙananan littattafai kafin ta rufe a 1959. A 1966 aka kafa NNPC, kamfanin buga littattafai na Arewa, da haɗin gwiwar Macmillan, shi ya gaji tsofaffin littattafan ya ci gaba da sake buga su. A wannan zango ne aka samu Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, da waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu.

Abin da ya sauya matsayin waɗannan littattafai shi ne jarrabawa. Da Hausa ta zauna daram cikin darussan WAEC, kuma manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ba manyan harsuna uku gurbi a makarantu, sai aka fara fitar da jerin littattafan da za a yi tambaya a kansu: zube, waƙa, wasan kwaikwayo. Ga mai buga littafi wannan arziki ne, don duk littafin da ya shiga jerin ya samu masu saye na shekaru. Ga ɗalibi kuwa, aku ya tashi daga mai ba da labari ya koma "tauraro", ana tambayar jigo da salo da zubi da tsari. Ba laifi ba ne a koya wa yaro nazari. Laifin shi ne da yawa sun ci jarrabawar ba tare da sun karanta littafin ba. Malam ya rubuta taƙaitawa a allo, an kwafa, an haddace, an zuba a takarda, an wuce.

An yi yunƙurin kawo sabon jini. Gasar NNPC ta ƙarshen shekarun 1970 ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, aka buga su a 1980. Wata gasar ta gwamnatin tarayya ta ba da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya a 1982. Amma lokacin bai yi musu daɗi ba. Shirin UPE na 1976 ya cika firamare da yara, suka kwararo sakandare a farkon shekarun 1980, daidai lokacin da kuɗin mai ya ja baya. Da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, gwamnatocin jihohi suka rage sayen littafi, manyan kamfanoni suka maƙale wa na jarrabawa kawai. A makarantu da dama ɗakin karatu ya koma sito ko ofishin malamai. Masu iya karatu sun ninka, abin karantawa ya ragu, kusan irin halin da East ya tarar, sai dai wannan karon babu hukumar da ta zaga neman marubuta.

Marubutan suka fito da kansu. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980. Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne. A 1991 Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, wanda ya shiga ko'ina. Mutum ya rubuta, ya tara kuɗinsa, ya kai maɗaba'a, ya raba littafin kashi biyu ko uku don kuɗin na ɗaya ya buga na biyu, ya kai wa 'yan kasuwa a Kano. Takardar ba ta da kyau, ƙa'idar rubutu sai a hankali. Su wa ke karantawa? Matan aure a cikin gida, da 'yan matan sakandare, wato 'ya'yan UPE. Wadda ba ta da kuɗin saye ta karɓi haya. A makarantar kwana littafi ɗaya yakan zaga ɗaki gaba ɗaya bisa layi, a cusa shi cikin littafin lissafi lokacin firef, a ɓoye a ƙarƙashin katifa in an ji motsin malamar kwana. "Don Allah Anti, in kin gama na biyun ni ce a bayanki," haka ƙanana ke bin manya. Abin da ke cikin littattafan kuma nasu ne: auren dole, kishiya, cire yarinya daga makaranta, saurayi talaka da attajiri mai neman ta uku.

Malaman jami'a sun rabu a kan lamarin. Ibrahim Malumfashi ya kira shi Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba zai yi ƙarko ba. Abdalla Uba Adamu ya tsaya a kan cewa waɗannan littattafai sun sa dubban mata karatu da Hausa, abin da manhaja ta kasa yi. An yi shekaru ana musayar alƙalami a jaridu. Iyaye da shugabannin makarantu kuwa ba su jira ƙarshen muhawara ba, kwacewa suke yi. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau da shirin A Daidaita Sahu, an tara littattafan da aka karɓe daga makarantun 'yan mata a Kano aka cinna musu wuta a bainar jama'a, daga baya Hukumar Tace Finafinai ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista da ita. Akwai littattafan da suka cancanci suka, wannan gaskiya ne, wasu ma shirme ne zalla. Amma an ƙona su a jimlace, na kirki da na banza, alhali a ciki akwai waɗanda ke roƙon iyaye su bar 'ya'ya mata su gama sakandare.

Wutar ba ta kashe kasuwar ba. Abin da ya girgiza ta daga baya waya ce. Yau marubuciya na sakin labari shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad, masu karatu su biya ta asusun banki a sa su a rukuni, babu maɗaba'a, babu ɗan kasuwa, babu edita. Malamar kwana da a da take ɗaga katifa ta tsinci littafi mai bango ja, yanzu waya take nema, a cikinta kuwa ana iya samun labari ɗari. A babbar sakandare kuma Hausa na cikin darussan da ɗalibin kimiyya ke saurin ajiyewa in ya zo zaɓen abin da zai rubuta a WAEC da NECO, don haka akwai Bahaushen da zai gama aji shida bai taɓa buɗe Magana Jari Ce ba, ko da don jarrabawa.