Shin Bature Ne Ya Rubuta Magana Jari Ce?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan tireda a Barnawa, can tsallaken kogi a Kaduna, ya aiko yana cewa gardama ta kaure a majalisarsu. Wasu sun ce littafin Magana Jari Ce da suka karanta suna firamare Bature ne ya rubuta, aka liƙa masa sunan Bahaushe. Yana son tarihin marubucin, da kuma na hotunan da ke cikin littattafan yara na wancan zamani.

AMSA: To, malam mai tambaya, ka gaya wa abokan gardamarka cewa Alhaji Abubakar Imam ne ya rubuta shi. Sai dai maganarsu ba daga sama ta faɗo ba, domin akwai Bature a cikin labarin.

An haifi Imam a 1911 a Kagara, wadda yanzu take cikin Jihar Neja. Mahaifinsa malami ne kuma alƙali. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya gama a 1932, aka ba shi koyarwa a makarantar Midil ta Katsina. Ka riƙe wannan da kyau: kafin ya zama marubuci, malamin aji ne, ya san abin da ke sa yaro gyangyaɗi da abin da ke sa shi kasa kunne.

A lokacin nan yaro zai iya koyon haɗa baƙi da wasali a boko, amma in ya iya, me zai karanta? Littattafan da ke akwai kaɗan ne, yawancinsu na lissafi da tarihi da tsafta. Saboda haka a 1933 Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su ƙago labarai. Littattafai 5 aka buga daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Imam yana da shekara 22 kacal.

Ruwan Bagaja ne ya ja hankalin East, ya roƙi a ba shi aron wannan saurayi. A 1936 Imam ya tafi Zariya ya yi wata 6, aikinsa guda: ya rubuta littafin karatu na 'yan makaranta. Nan ne Baturen ya shigo. East ya tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban, irin su Alfu Laila da Kalila wa Dimna na Larabci, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan biyu da ake kira Grimm. Shi kansa akun da ke ba da labari, asalinsa daga wani tsohon littafi ne na Indiya, inda aku yake hana matar ubangidansa fita da dare ta hanyar ba ta labari.

Yanzu dubi abin da Imam ya yi da shi. Akun nasa ba mace yake tsarewa ba. Musa yake tsarewa, ɗan Sarki Abdurrahman, don kada ya fita ya faɗa tarkon mugun waziri alhali sarki ya tafi yaƙi. Ko ka ɗauki labarin Kalala da Kalalatu. A wurin Jamusawa wata kuku ce ta cinye kaji biyu da aka soya wa baƙo, ta haɗa maigida da baƙonsa gudu. Imam ya mayar da ita matar aure a gidan Bahaushe, har mai karatu zai rantse ya san unguwarsu. Kai da kake sayen hatsi ka sani, wanda ya kawo gero daban, wadda ta dama fura daban, kuma ba a cewa furar ta mai gero ce. East ya kawo littattafai, ya duba rubutu, ya yi gyara. Hausar da karin maganar da barkwancin, waɗannan na Imam ne. A ganinmu, duk wanda ya karanta shafi biyu da babbar murya zai ji haka a kunnensa.

Littafin ya fito kashi 3 tsakanin 1937 da 1939, da labarai sama da 80. A na biyu akun ya yi gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ, a na uku kuwa yana koya wa ɗansa Fasih zaman duniya.

Batun hotuna kuma. Zane ne na baƙin tawada, ba launi, domin buga launi tsada gare shi a lokacin. A cikin masu yi wa littattafan Zariya zane akwai wata 'yar ƙasar Beljiyam, Jacqueline de Naeyer, wadda East ya aura. Amma a gaskiya Magana Jari Ce ba littafin hoto ba ne, na yaron da ya riga ya iya karatu ne, hoton sai jefi-jefi. Waɗanda hoto ke jan ragama a cikinsu su ne na 'yan aji ɗaya da biyu, irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, inda yaro zai ga abu a zane sannan ya karanta sunansa. Manya ma sun amfana da irin wannan dabara a ajin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950.

Daga 1939 aikin jarida ya ɗauke Imam, ya zama editan Hausa na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo. Duk da haka bai bar yara ba, shi da East sun rubuta Ikon Allah a kan halittu. Daga baya ya zo nan Kaduna ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Ya rasu a Zariya a 1981, Allah ya jiƙansa. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, marigayi Kasimu Yero yana cikin 'yan wasan.

Wanda ya bi sahunsa wajen yara shi ne marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya na Jami'ar Bayero, Kano. Shi bai je Jamus ko Indiya neman labari ba, na gida ya tattara, su Gizo da Ƙoƙi da wasannin dandali, ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni kashi 6 a farkon shekarun 1970, masu zane a ciki. In ɗanka bai kai ga Magana Jari Ce ba tukuna, waɗannan za ka fara tambaya a kantin littattafai.