Lissafin matan da haihuwa ta ɗauke, daga 1976 zuwa yau

Da kwamiti ya ce mu 'yan ajin yaƙi da jahilci mu kawo rubutu a wannan takarda ta cikar ƙungiyarmu shekara goma, sai muka ce tarihin adashe da rance kowa ya san shi. Mun zaɓi tarihin abin da ya fi raba mu da juna, wato mutuwar mata da jarirai wajen haihuwa. Mu 'yan kasuwa ne, lissafi shi ne sana'armu. Don haka muka roƙi malamarmu ta nemo mana alƙaluma, muka zauna muka duba su yadda ake duba littafin bashi.

Iyayenmu suna cewa mai ciki ƙafarta ɗaya a duniya ɗaya a lahira. Ba su da alƙaluma, amma sun gani da ido. Ƙidaya ta sosai a Arewa ta fito ne daga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda wani likita, Farfesa Kelsey Harrison, da abokan aikinsa suka bi diddigin haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979. Mata 238 ne suka rasu, kusan mace ɗaya a cikin ɗari ke nan. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne su waye suka rasun. Mafi yawansu matan da ba su taɓa zuwa awo ba ne, waɗanda aka kawo a rai kwakwai mutu kwakwai bayan an kwana ana naƙuda a gida. Waɗanda suke da kati suna zuwa awo, kaɗan ne ƙwarai suka mutu. Asibiti ɗaya, likitoci ɗaya, amma sakamako daban. Da aka buga binciken a 1985, Harrison ya dage cewa babban maganin shi ne a ilimantar da mata. Mu da muka fara riƙe fensir bayan mun aurar da 'ya'ya, wannan magana ba ta ba mu mamaki ba.

Sai ga 1986, gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu da ake kira SAP. Manyanmu a kasuwa suna tuna lokacin: naira ta faɗi, asibitin gwamnati ya koma sai ka sayo komai da kanka, daga safar hannu har zuwa ruwan da za a ƙara wa mara lafiya. Mata da yawa suka koma haihuwa a ɗaki. A shekarar da ta biyo, 1987, aka yi babban taro a Nairobi ta ƙasar Kenya aka yi shelar kare lafiyar masu haihuwa a duniya. A 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa buri a rage mutuwar da kashi uku cikin huɗu kafin 2015. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a nan Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi don lafiya. Najeriya ba ta cika burin farko ba, kuma kasafin tarayya bai kai ga na biyun ba.

To, yanzu ga lissafin. Binciken lafiya na ƙasa, wanda ake bi gida-gida ana tambaya, ya ce a duk haihuwa 100,000 mata 545 ke mutuwa a 2008, sai 576 a 2013, sai 512 a 2018. A kasuwa idan ciniki ya yi shekara goma yana haka, cewa muke yi yana nan inda yake. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ma ya fi wannan muni: 993 a 2023, wato mata kimanin 75,000 a shekara, fiye da 200 kullum. Hanyar ƙidayarsu ce ta bambanta, amma ko wanne muka ɗauka ba abin da za mu yi murna da shi. A ƙiyasin hukumar, idan mata huɗu suka mutu wajen haihuwa a faɗin duniya, aƙalla ɗaya 'yar Najeriya ce.

Wani abu ya ɗaure mana kai da farko. Mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta ragu sosai: daga 201 cikin 1,000 a 2003 zuwa 110 a binciken 2023 zuwa 2024. Alhamdu lillahi, wannan mun gani a gidajenmu. Amma jariran da ke rasuwa a cikin watan farko, 40 ne cikin 1,000 a 2008, 37 a 2013, 39 a 2018, 41 a binciken 2023 zuwa 2024. Me ya sa ɗaya ya sauka ɗaya ya ƙi? Mun yi ta muhawara a aji, ga inda muka tsaya. Rigakafi, gidan sauro, ruwan gishiri da sukari, duk ana iya kawo su har zaure, a ba ka a tafi. Amma macen da jini ya ɓalle mata, ko jaririn da ya fito bai yi kuka ba, ba za su jira ranar rigakafi ba. Suna buƙatar ƙwararriyar ungozoma, da jini, da wuta, da ɗakin tiyata, a cikin daren nan. Zubar jini bayan haihuwa kan iya kashe mace cikin awa biyu. Binciken 2018 ya nuna a ƙasa baki ɗaya haihuwa 39 cikin ɗari ne ake yi a asibiti, a nan Arewa maso Yamma kuwa 16 kacal.

Kada a ce ba a yi komai ba. Kano ta fara haihuwa kyauta a asibitocinta tun 2001. A 2008 aka shigo da allurar jijjiga, magnesium sulphate, a wasu asibitocin jihar, mutuwar masu jijjiga ta faɗi daga kusan ɗaya cikin biyar zuwa abin da bai kai uku cikin ɗari ba. A 2009 tarayya ta fara tura ungozomomi ƙauyuka, sai dai da yawansu suka bar aikin saboda rashin alawus da wurin kwana. A 2023 aka fitar da sakamakon wani gwaji da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranta a ɓangaren Najeriya: wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa, a ga yawan jinin da ta zubar maimakon a yi ta kintace da ido, a haɗa mata magunguna nan take. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin ɗari. A Nuwamban 2024 kuma ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya yi shelar tiyatar haihuwa kyauta ga matan da ba su da hali.

Kun ga ashe magani yana nan. Duk waɗannan kuwa suna amfanar wadda ta isa asibiti ne kawai. Masana suna maganar jinkiri uku: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin hanya, da jinkiri bayan an isa. Na uku aikin gwamnati ne, kuma muna da bakin faɗa, domin "kyauta" da ake cewa sau da yawa takarda ake miƙo maka ka je kemis. Amma na farko da na biyu, wallahi a hannunmu suke. Maigida yana tafiya, babu wanda zai ba da izini. Yarinya haihuwar fari ce, kunya ta hana ta faɗa. An ce a jira a ga abin da rubutu da jiƙo za su yi. Kuɗin A Daidaita Sahu babu, ko akwai kuɗin amma ƙarfe biyun dare ne. An isa an ce a kawo jini leda biyu, sai maza su fara kallon ƙasa. Kwana da kwanaki ana doguwar naƙuda, shi ne ke kashe jariri a ciki, ya bar uwa da yoyon fitsari idan ta tsira.

Ba ma musun ƙaddara, kowa da kwanansa. Amma wadda ta yarda da ƙaddara ita ce kuma take kulle rumfarta da kwaɗo biyu kafin ta tafi gida.

Shi ya sa ba mu goyi bayan shawarar da aka kawo ta a mayar da asusun haihuwa cikin asusun rance ba. An ce kuɗin yana kwance ba ya kawo riba, gaskiya ne. Sai dai kuɗin da aka ba da rance ba ya dawowa da tsakar dare. Abin da muke roƙon babban taro ya amince da shi: asusun ya zauna daban a hannun mata biyu masu waya; kowace unguwa a ajiye lambar direba biyu da aka yi magana da su tun da wuri; duk mai ciki a cikinmu ko 'yarmu ta nemi izinin maigida tun a wata na bakwai, a gaban shaida; mazanmu da samarinmu masu lafiya su je a auna rukunin jininsu a rubuta a littafin ƙungiya. Za a kaɗa ƙuri'a a kan wannan ranar taro bayan sallar La'asar, kowa ta zo da katinta.